Sulallan zinari: wanne ya fi dacewa ka ajiye idan ƙarin daraja kake nema?

Shekaru kaɗan da suka wuce na raka wata gwaggona wurin 'yan gwal. Bukata ce ta taso, ta ɗauko fam uku na zinari da marigayi mijinta ya bar mata, tana ajiye da su a ƙulle cikin tsumma a ƙasan akwati. Mai shagon ya karɓa, ya goga gefen kowanne a kan baƙin dutsen gwaji, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ɗora a sikeli, ya danna kalkuleta ya juyo mana da fuskarta. Ko kallon shekarar da ke jikinsu bai yi ba. Ɗaya daga cikinsu na zamanin Sarauniya Biktoriya ne, irin mai garkuwa a baya, sai dai an taɓa liƙa masa kunne an rataya shi a sarƙa, an kuma goge shi har gashin kan sarauniyar ya shafe. Na ce, "Alhaji, wannan fa tsoho ne, ya haura shekara ɗari." Ya ce, "Malam, ni giram nake saya, ba shekara ba." Ya juya ya ce, "Hajiya, in kin sallama ga kuɗinki."

Bai cuce ta ba. Gaskiyar kasuwarsa ya faɗa. Amma tun daga ranar na gane cewa kowane sulen zinari farashi biyu gare shi: kuɗin gwal ɗin da ke jikinsa, da kuma ƙarin da masu sha'awar tara sulalla ke biya saboda ƙarancinsa, kyawunsa ko tarihinsa. Na farko ko'ina ka je za ka same shi, daga Kano har Dubai. Na biyu sai ka kai sulen gaban mutumin da ya san shi, yake kuma nemansa. Duk wanda ke son zaɓar sulen da zai fi ƙara daraja, tambayar da zai fara yi wa kansa ita ce: nawa ne cikin kuɗin da zan biya na gwal, nawa ne na labari, kuma wa zai saya mini labarin nan gobe?

Bari na fara da sulen da ya fi kowane tsada a duniya, domin akwai darasi a cikinsa. Sulen dala 20 ne na Amurka, wanda ake kira Double Eagle, bugun 1933. An buga guda 445,500 a shekarar, amma kafin a sake su Shugaba Roosevelt ya hana jama'a riƙe zinari, aka narkar da kusan dukkansu. Wasu 'yan kaɗan suka sulale ta bayan fage, ɗaya ya faɗa hannun Sarki Faruk na Masar. Wanda ake kyautata zaton shi ne na Faruk ɗin an yi gwanjonsa a 2002 a kan dala miliyan 7.59, aka sake sayar da shi a watan Yunin 2021 a kan dala miliyan 18.9. Abin kamar almara. To amma yi lissafi: ya ninka kusan sau biyu da rabi a shekara 19. A tsakanin wannan lokacin, oza ɗaya ta zinari, wato giram 31.1, ta tashi daga dala 300 da ɗoriya zuwa kusan 1,900, wato kusan ninki shida. Da mai sulen ya zuba kuɗinsa a gwal tsurarsa, da ya fi samu nesa ba kusa ba. Idan sarkin sulalla bai kamo gwal ba, kada wani ya ruɗe ka da cewa duk sule mai tarihi ya fi gwal riba.

Mafi sauƙin fahimta su ne sulallan oza ɗaya da ƙasashe ke bugawa don masu ajiya. Krugerrand na Afirka ta Kudu shi ne babbansu, tun 1967 ake buga shi, karat 22, nauyinsa giram 33.93 amma gwal zallar da ke ciki oza ɗaya ce cif, giram 31.1, sauran tagulla ce, ita ce ke ba shi wannan jajajan launi. Maple Leaf na Kanada ya biyo baya a 1979, Eagle na Amurka a 1986, Britannia na Ingila a 1987, Philharmonic na Austiriya a 1989. Waɗannan miliyoyi ake bugawa, ba za su taɓa yin ƙaranci ba, don haka farashinsu na bin farashin gwal sau da ƙafa da ɗan ƙari kaɗan a kai. Ba kayan masu tara sulalla ba ne a haƙiƙa, amma su ne ma'aunin da za ka gwada sauran da shi. Tsakaninsu bambancin kaɗan ne. Maple Leaf zalla ne, karat 24, yana da laushi, ɗan gogayya kaɗan sai ya yi zane. Krugerrand ya fi jure wahala. A kasuwarmu da ake ƙidaya da karat, mai 24 ya fi sauƙin ciniki, domin babu gardama a kan tsarkinsa. Babban aibinsu girma: ba ka iya yankar rabin sule ka biya kuɗin asibiti.

Nan ne fam na Ingila, wanda Turawa ke kira Sovereign, ya sha gaban kowa, kuma a kansa zan fi tsayawa domin shi ne nake ganin ya fi dacewa da yawancinmu. Tun 1817 ake buga shi a siffarsa ta yanzu: nauyi giram 7.98, karat 22, gwal zalla giram 7.32, faɗinsa milimita 22. A bayansa galibi akwai mahayin doki yana sukar dodo. An san shi daga Landan har Jidda, Alƙahira da Bombay, kuma 'yan gwal ɗinmu ba baƙonsu ba ne. Abin da ya sa nake son sa shi ne yana tafiya a kan hanya biyu lokaci guda. Fam gama-gari, irin na Sarauniya Elizabeth ko na Sarki George na Biyar, kusan kuɗin gwal ɗinsa kawai za ka biya. Amma a cikin tarin gama-garin nan akwai masu daraja da ke ɓoye, kuma sanin su karatu ne da kowa zai iya yi.

Sirrin yana wurin ɗan ƙaramin harafin da ke nuna inda aka buga shi. A mafi yawansu yana ƙasan kofaton dokin, daidai saman shekara, sai ka sa madubin ƙara girma kafin ka gan shi da kyau. S na nufin Sydney, M Melbourne, P Perth, duka a Ostireliya, C na nufin Ottawa ta Kanada, SA Pretoria, I kuma Bombay, inda shekara ɗaya tak aka buga, 1918. Idan babu harafi, bugun Landan ne. Fam ɗin 1917 mai harafin P abu ne da ake samu ko'ina. Fam ɗin 1917 marar harafi kuwa dukiya ce, domin kusan duka an kwashe su an biya bashin yaƙi, aka narkar da su. Na Ottawa gaba ɗayansu ba su da yawa. Na 1908 guda 636 kawai aka buga. Na Landan na 1819 kuwa guda 3,574 aka yi, waɗanda suka rage a duniya ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Can ƙololuwa akwai na Edward na Takwas, sarkin da ya ajiye sarauta a Disambar 1936 kafin a saki kuɗin da ke ɗauke da kansa: an sayar da ɗaya a kan fam 516,000 na kuɗin Ingila a 2014, a farkon 2020 kuma ya kai fam miliyan ɗaya. Ba ina cewa za ka tsinci irin waɗannan a tiren mai shago ba. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya sayi fam tsoho mai kyawun jiki, irin mai garkuwa na Biktoriya ko bugun Ottawa ko Bombay, a kan kuɗin da bai yi nisa da na gwal ba, ya sami abu biyu da kuɗin ɗaya. In gwal ya tashi ya ci riba. In ya haɗu da mai nema ya ci riba ta biyu. In bai haɗu da shi ba, asararsa ba ta da yawa.

Sai dai fam yana da babbar cuta, wato jabu. A shekarun 1950 an yi ta buga na bogi a Italiya, Siriya da Lebanon, har hakan na cikin dalilan da suka sa Ingila ta dawo da buga shi da yawa a 1957. Har yau a kasuwannin gwal na ƙasashen Larabawa maƙera na buga kwaikwayonsa, giram 8, karat 21, wani lokaci ma da lambar 21 a jiki. Ba sata ba ce idan an faɗa maka, gwal ne na gaske, kuma yawancin "fam" da alhazai ke shigowa da shi tsaraba irinsa ne. Amma kayan ado ne, darajarsa ba za ta taɓa wuce ta sikeli ba, kuma gwal ɗinsa bai kai na ainihin fam ba. Haka abin yake ga sulen zinarin Saudiyya da ake kira gini: na asali an buga shi a 1370 da 1377 bayan Hijira, da nauyi da tsarki irin na fam, amma kwaikwayonsa ya fi shi yawa a kasuwa. Mai son abin Saudiyya mai tarihi na gaske ya nemi faifan zinarin da aka buga a Filadelfiya ta Amurka a 1945 da 1947 domin kamfanin Aramco ya biya gwamnatin Saudiyya kuɗin mai da su. Yawancinsu an narkar, masu tarawa na Amurka da na ƙasashen Larabawa duk suna nemansu, kuma su ma ana yi musu jabu sosai, don haka ba a sayensu sai da tantancewa.

'Yan'uwanmu na Nijar sun fi sanin sulen faran 20 na Faransa, mai kan Napoleon ko mai zakara a baya, nauyi giram 6.45, gwal zalla giram 5.8. Sule ne mai kyau don ajiya, ƙarami, sananne. Amma ga wani abu da ya kamata a sani: miliyoyin masu zakaran nan da ke ɗauke da shekarun 1907 zuwa 1914 ba a lokacin aka buga su ba, a shekarun 1950 aka sake buga su da tsohuwar shekara. Haka dukat na Austiriya mai 1915, haka feso 50 na Meziko mai 1947. Shekarar da ke jikin sule ba kullum take nuna tsufansa ba, tsufa kuma shi kaɗai ba ya nuna ƙaranci. Saye su a kuɗin gwal, kada ka ƙara ko sisi don shekara.

Akwai rukunin da ke tsakiya, masu canza zane kowace shekara. Panda na Sin, mai hoton dabbar panda, tun 1982, shi ne ya fi suna. Daga 2016 ma sun bar oza sun koma giram 30. Akwai jerin dabbobin shekarun kalandar Sin na ma'aikatar buga kuɗi ta Perth, wanda ya fara a 1996, inda ake ƙayyade yawan na oza ɗaya. Akwai jerin Queen's Beasts na Ingila daga 2016 zuwa 2021. Wasu daga cikinsu sun yi daraja fiye da gwal, musamman Panda na shekarun farko, domin 'yan Sin da suka yi arziki sun dawo suna neman kayan ƙasarsu. Wannan shi ne ainihin abin da ke ɗaga sule: jama'a masu yawa, masu kuɗi, da ke jin abin nasu ne. In za ka shiga wannan rukunin, ka saya a shekarar da aka fitar da shi lokacin da ƙarinsa bai yi yawa ba, ka fi mai da hankali ga na farkon jeri, kuma kada ka fitar da shi daga kwanson robarsa. Amma ka sani Panda na cikin sulallan da aka fi yi wa jabu, kuma in ka kai shi Kano ko Wuse, kan sikeli zai hau.

Wanda na fi jin tsoro wa mutane shi ne sabon sulen tunawa mai ƙyalli kamar madubi, a cikin akwati mai kyau da takardar shaida, ana tallarsa da cewa "guda kaza kawai aka buga". Sau da yawa kuɗinsa ya ninka na gwal ɗinsa ko ya kusa. Ɗauki misali: ka biya 160 a kan sulen da gwal ɗinsa 100 ne. Gwal ya tashi da rabi, ya zama 150. Ka je sayarwa, babu mai biyan kuɗin akwati, aka ba ka 150. Maƙwabcinka da ya sayi fam gama-gari da 160 ɗinsa yana da fiye da 220. Ƙarancin da kamfani ya ƙirƙira da gangan ba ɗaya yake da ƙarancin da yaƙi, narkarwa da shekaru suka haifar ba. Na farko kowa ya adana nasa lafiya lau, kuma baɗi za a fito da wani sabo. Ana samun wanda ya yi fice, kamar sake bugun tsohon sulen Una and the Lion da Royal Mint, ma'aikatar buga kuɗi ta Ingila, ta yi a 2019, wanda ya yi tashin gwauron zabo bayan fitarsa. Amma irinsa ɗaya ne cikin ɗaruruwa, kuma waɗanda suka bi yayi suka saya a sama ba su ji da daɗi ba. Sulallan tunawa na ƙasashenmu, kamar na Nijar masu hoton Diori Hamani ko na Ghana na 1960 mai hoton Nkrumah, ina ƙaunarsu, kuma ba su da yawa. Matsalarsu masu nemansu ma ba su da yawa. In ka same su kusa da kuɗin gwal, ka riƙe. Wata rana 'ya'yan ƙasashen nan za su waiwayi tarihinsu kamar yadda 'yan Sin suka yi, amma ba zan ce ka jingina kuɗin makarantar yara a kan wannan fata ba.

Tsofaffin sulallan Amurka na kafin 1933 kasuwarsu ta fi kowace girma da tsari. Kamfanoni biyu, PCGS da NGC, tun 1986 da 1987 suke duba sule, su ba shi maki daga 1 zuwa 70, su rufe shi a kwanso mai lamba da za ka iya bincika ta a intanet. Bambancin maki ɗaya a sama na iya ninka farashi. Amma gama-garin Double Eagle, wanda a da ake biyan ƙari mai tsoka a kansa, yau ƙarin ya zaizaye, domin gwal ya yi tsada ya haɗiye shi, kuma an yi ta kwaso su daga ma'ajiyar bankunan Turai. Akwai kuma haɗarin tono. Jirgin ruwan SS Central America ya nutse a 1857, aka gano shi a 1988, aka fito da dubban sulallan 1857 bugun San Francisco sababbi ful. Abin da ake ganin ba shi da yawa ya zama mai yawa. A wannan kasuwa, na ƙwarai sosai ne ke tashi, matsakaici kuwa yana nan yana jan ƙafa.

Zuciyata kam tana wajen dinare. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya buga dinaren farko mai rubutu zalla, babu hoto, a shekara ta 77 bayan Hijira, nauyinsa giram 4.25, shi ne misƙalin da malamai ke lissafin zakka da shi. Wani dinaren Umayyawa na shekara ta 105, mai ambaton ma'adinin Amirul Muminina a Hijaz, an yi gwanjonsa a Landan a kan fam miliyan 3.72. Amma dinaren Abbasiyawa, Faɗimiyawa da Murabiɗai na gama-gari ba su kai ko kusa da haka ba, mai matsakaicin ƙarfi na iya mallakarsu. Na Murabiɗai da aka buga a Sijilmasa da zinarin Afirka ta Yamma aka yi su, wanda raƙuma suka ƙetara Sahara da shi. Ka riƙe shi a tafin hannu, ɗan siriri, kalmar shahada a tsakiya, ka san shekara kusan dubu ke nan wani ya auna shi. A ganina wannan rukuni na da dalilin tashi mai ƙarfi: ba a ƙara yin su, masu kuɗi da gidajen tarihi na ƙasashen Larabawa na saye, kuma wanda ke ƙyamar ajiye sule mai hoton mutum ya huta. Amma yana bukatar ilimi: karanta rubutun Kufi, sanin garin bugu, gane wanda aka yanke wa gefe ko aka huda. Yana kuma bukatar takardar asali, domin ƙasashe da yawa sun hana fitar da kayan tarihi, kuma sulen da ba a san inda ya fito ba manyan gidajen gwanjo ba sa karɓarsa.

To da wanne za a tashi? Da ni za a tambaya, mai kuɗi kaɗan wanda zai sayar a gida ya tsaya a fam na asali ko faran 20, a kuɗin da ya fi kusa da na gwal, yana zaɓen masu kyawun jiki da harafin da ba a cika gani ba. Mai kuɗi da yawa da ke son ajiya kawai ya ɗauki na oza ɗaya. Wanda ke da hanyar kai kaya Landan ko Dubai, yake da haƙurin shekara goma ko fiye, ya ware wani kaso kaɗan ya sayi sule ɗaya mai ƙaranci na gaske, tantancacce, maimakon goma matsakaita. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Ya kuma tuna gidan gwanjo na cin nasa kaso, sau da yawa kusan kashi 20 cikin ɗari a wuyan mai saye, ban da na mai sayarwa. Shi kansa gwal ba kullum yake hawa ba: ya kai dala 850 a Janairun 1980, ya sauko ƙasa da 300 a ƙarshen shekarun 1990, ya kusa 1,900 a 2011, ya faɗo kusan 1,050 a ƙarshen 2015, kafin ya haura 4,000 a 2025.

Akwai lissafin da mu Musulmi ba za mu tsallake ba. Nisabin zinari misƙali 20 ne, kimanin giram 85. Fam 12 sun haura shi, haka sulallan oza uku. In shekara ta zagayo za a fitar da ɗaya cikin arba'in, don haka sulen da ke kwance yana bukatar ya tashi fiye da haka kafin a ce ya ƙaru. Cinikin zinari kuma hannu da hannu ne, kuma musanyar zinari da zinari sai nauyi ya yi daidai, saboda haka ba a ba da fam biyu gama-gari a karɓi ɗaya mai tarihi. A sayar, a karɓi kuɗi, sannan a saya. Mai saye ta intanet ya tambayi malaminsa yadda karɓa ke tabbata.

Ranar sayen, ka tafi da ƙaramin sikelinka mai nuna ɗigo biyu bayan giram, da ma'aunin faɗi, da madubi. Fam na asali da bai sha hannu ba zai nuna 7.98 ko dab da haka. In ka ga 8.00 cif da launi mai haske fiye da kima, ka sake dubawa. Kada ka bari a goga sule mai daraja a dutse. In ka kai shi gida ka riƙe shi ta gefe, kada ka wanke, kada ka goge, kada ka bari a kai shi wurin maƙeri a sa masa kunne, ko da bikin wa za a yi. Ka rubuta a takarda abin da kowane sule yake, inda ka saya da nawa, ka ajiye tare da su, ka kuma nuna wa uwargida ko babban ɗanka. Gwaggona ba ta san abin da ke hannunta ba, kuma marigayin bai bar mata ko layi ɗaya a rubuce ba.